Kafin Ka Miƙa Motarka Ga Teku

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka gama gyara bas ɗin nan, ka sa mata gado da murhu, kuma niyyarka ka kai ta Legas a ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Durban, daga can ka ci gaba da zaga ƙasashe. Ban ga laifin tafiyar ba. Iyayenmu sun bi ta Maiduguri da Chadi har Suwakin suka tsallaka zuwa Jidda, kuma ba don yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ba, da wannan hanyar zan ce ka bi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ka ƙare komai a nan Jos. A Legas kowace rana kuɗi ce: masauki, ejan, kuɗin ajiya a tasha. A nan kuwa makanikenka na Farin Gada ya san motar, Dilimi kuma ga kayan gyara. A duba birki sosai, domin gangaren Hawan Kibo na jiranka tun ba ka bar Filato ba.

Ka ɗauko tef ka auna tsayinta da kanka, har da abin da ka ɗaura a rufi. Ƙofar kwantena ta gama-gari ba ta wuce kimanin mita 2.28 ba, ta doguwar kuwa kimanin 2.58. Idan ta shige, ka zaɓi kwantena ko da ta fi tsada, don a gabanka za a ɗaure motar a rufe a buga hatimi. Idan ba ta shige ba, sai jirgin da ake tuƙa mota a shigar, irin waɗanda ke tsayawa a tashar Tin Can. A nan makulli za ka miƙa wa mutanen da ba ka sani ba, motar ta yi makonni a buɗe. Ban ce kowa ɓarawo ne ba, amma kada ka ɗora wa bayin Allah jarrabawa: kwashe duk abin da ɓatansa zai dame ka, ka toshe tsakanin gidan direba da ɗakin kwana.

Tukunyar gas ka bar ta a gida, ka saya a can. Tanki kada ya haura kwata. A wanke ƙarƙashin motar tas, jar ƙasarmu tana maƙalewa, kuma wasu ƙasashen ba sa yarda ƙasar wani wuri ta shigo musu. Ka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare ranar miƙawa, ka yi inshorar teku.

Takardu kuwa su ne rabin tafiyar. Lambar inji da ta shasi su zo daidai a takardar kwastan, da ta mallaka, da fasfon mota da ake kira kane. Harafi ɗaya ya kauce, motar ta zauna a tasha kana biya. Na ainihi su kasance a jikinka, ba cikin mota ba, tare da katin allurar shawara.

Kada ka sayi tikitin jirgin sama sai jirgin ruwan ya tashi, ranarsa takan ɗaga, kuma sauri kan haifi nawa. A Durban ta hagu ake tuƙi, mu mun bar hakan tun 1972, sai ka bi a hankali kwanakin farko.

Ka zo gida ranar Juma'a da takardun mu duba tare, sannan ka je ka yi wa kakarka sallama. Allah ya kai ka lafiya.