Tumatir Ba Na Bature Ba Ne

'Ya'yana 'yan makaranta na Maska, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai wata ɗabi'a da ta shigo muku tun da wayoyin hannu suka yawaita. Ɗayanku zai faɗi kalmar Turanci, sai ɗan'uwansa ya kwashe da dariya, wai ba haka ake faɗa ba. Wanda ya koya a bakin malamin aji ya ce "tomaato", wanda ya tsinta a finafinan Amurka ya ce "tomeito", sai gardama ta kaure har a kai ga gori.

To, babu wanda ya yi kuskure a cikinku. Na farkon lafazin mutanen Ingila ne, na biyun na Amurkawa, kuma sunan ba gadon kakan kowa ba ne a cikinsu. Asalinsa daga harshen mutanen Aztek ne na ƙasar Meziko, waɗanda ke cewa "tomatl". Sifaniyawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1521, suka kai irin shukar Turai, sunan ya koma "tomate" a bakinsu. Daga wurinsu Turanci ya ara, sannan masu aron suka rabu biyu a kan yadda za a furta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Haka abin yake ga wurin gyaran mota da muke kira gareji. Kalmar Faransanci ce. Ba'amurke yana nauyaya ƙarshenta, kusan yadda Bafaranshe ke yi, mutumin Ingila kuwa yana nauyaya farkonta, kuma ko a Ingilar ba su haɗu a kan lafazi ɗaya ba. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce muƙamin soja na laftanar. Ita ma daga Faransanci take, kuma ku duba rubutunta na Turanci, babu harafin "f" ko ɗaya. Amurkawa ba sa faɗar sa, mutanen Ingila suna faɗa. Mu da muka ji ta a bakin sojan Ingila muka ɗauko har da "f" ɗin, shi ya sa muke cewa Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya hau mulki a 1966. Kun ga lafazi ma tarihi ne, yana nuna wanda aka yi zama da shi.

Ban ce ku yi sakaci ba. A jarrabawar WAEC akwai sashen furuci, kuma lafazin Ingila ake bi a ciki. Can ku riƙe abin da malaminku ya koya muku da kyau, kada ku gauraya. Amma in an fito daga ɗakin jarrabawa, abin nema shi ne mai sauraro ya gane. In har gyara ya kama, ka ja ɗan'uwanka gefe ka gaya masa a hankali. Yaron da aka yi wa dariya a gaban jama'a yakan kama bakinsa, kuma wanda ya daina magana ba zai iya harshe ba.

Iyayenku kuwa, masu noman rani da ke loda kwanduna a Danja zuwa Legas, tumatir suke cewa, kuma Hausa ce tsantsa yanzu. Don Allah kada in ji wani ya ce zai gyara wa babansa.