Awon matsi a injin moto

Yara, kullum kuna ganin moto bisa hanya: ta ƴan kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram, ta ma'aikata, ta masu zuwa cin kasuwar ƙauye. In moto ta tsufa, ƙarfinta yana raguwa, tana wuyar tashi. Makaniki na ƙwarai ba ya gaggawar kwance inji. Sai ya auna matsi tukuna.

Mine ne matsi?

A cikin inji akwai silinda. A cikin silinda akwai fistan, yana hawa yana sauka. Injin mai bugu huɗu, irin wanda Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a 1876, haka yake aiki:
1. Fistan ya sauka, ya shaƙo iska da isansi.
2. Fistan ya hau, ya matse su.
3. Buji ya ba da wuta, su ƙone, su tura fistan ƙasa.
4. Fistan ya sake hawa, ya kore hayaƙi.

Bugu na biyu shi ne matsi. In iska tana zurarewa, matsi ya ragu, inji ya rasa ƙarfi.

Yadda ake awo

Ana barin inji ya yi ɗumi, a kashe shi, a rufe isansi. A cire buji, a ɗaura ma'auni a gurbinsa. Ma'aunin yana da allura kamar agogo, yana nuna matsi da bar. Sai a murɗa totur har ƙarshe, a riƙe shi. A yi ta buga kik har allura ta daina hawa. A gwada lambar da wadda ke cikin littafin moton.

Don mi ake buɗe totur?

Totur shi ne ke buɗe ƙofar iska a cikin karbirater. In totur yana rufe, ƴar kafa kaɗai ta rage, iska kaɗan ke shiga silinda. Iska kaɗan ba ta ba da matsi mai yawa. Allura za ta tsaya ƙasa, ko da inji lafiya lau yake. Makaniki ya ce zobban fistan sun cinye, a kwance inji, a sayi sababbi. Mai moto ya yi asarar kuɗinsa da kwanakin aikinsa a banza.

In totur yana buɗe kuma matsi bai kai ba, to akwai ciwo. Sai a zuba ƙaramin cokali ɗaya na man inji ta ramin buji, a sake awo. In allura ta ƙara hawa, zobba ne suka cinye. In ba ta ƙara ba, a duba supap, wato ƙofofin da ke saman silinda.

Mu gwada

Ku samo sirinji sabo, marar allura.
1. Ku ja sandarsa, baki a buɗe. Ku toshe bakin da yatsa, ku tura. Sanda tana gardama.
2. Ku tura sanda har ƙasa. Ku toshe bakin tukuna, sannan ku ja, ku tura. Sanda tana komawa ba wuya, don iska ba ta shiga ba.

Mu riƙe

Ba a matse iskar da ba ta shiga ba. A buɗe totur duka kafin a auna.

Tambayoyi

1. Ku faɗi bugu huɗu na inji bi da bi.
2. A gwajin sirinji, wane ne ya yi kama da totur a rufe?
3. Wani makaniki ya samu bar 7 da totur a rufe, bar 11 da totur a buɗe. Nawa ne bambanci? Wace lamba zai gaskata?
4. Ku je garajin unguwarku, ku gaida maigida, ku roƙi ya nuna muku buji da fistan. Ku zana su cikin kayenku.