Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutar Wasa Mai Mutuwa

Wani mai sauraronmu daga Gure, jihar Damagaram, ya ce tun da ya sauya akwatin wutar kwamfutarsa, da wasa ya kankama sai ta mutu.

To ɗan'uwa, fara da wayoyi. In na tsohon akwatin ka jona wa sabon, cire su yau ɗin nan. Bakinsu iri ɗaya, amma jerin cikinsu yakan bambanta, suna iya ƙona maka katin hoto. Danna fulogi mai ƙafa 24 da mai ƙafa 8 har ka ji ƙas.

Duba wat nawa aka rubuta a jikin akwatin. 450 ba ya ɗaukar babban katin hoto. In duk lafiya, kakkaɓe ƙurar fanka, ka sa na'urar daidaita wuta.