Ɗana, Auna Kafin Ka Canza Wili

 Tun jiya bayan Magariba da ka miƙo mini wayarka ka nuna mini hoton motar nan wadda tayoyinta suka cika bakin fenda tsaf, ba su leƙo waje ba kuma ba su shige ciki ba, ka ce haka kake so ka mayar da Camry ɗinka, maganar take yi mini yawo a rai. Ban ce maka komai ba a lokacin domin na ga ɗoki a idonka, kuma ba a yi wa mai ɗoki nasiha a tsaye. Yanzu da gari ya yi sanyi, matso kusa ka ji. Ba hana ka zan yi ba, motarka ce, da guminka ka saye ta, kuma son kyau ba laifi ba ne. Ni kaina da na share shekaru a gareji, har yau in na ga mota ta zauna daidai a kan ƙafafunta sai na waiwaya na sake kallo. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kyan da ya ɗauke maka ido awo ne ya haife shi, awon kuma na ƴan milimita ne, saboda haka wanda ba shi da haƙurin aunawa zai kashe kuɗinsa ya sayo wa kansa ɓacin rai.

Wannan yayi daga Japan da Amurka ya taso, kuma yawancin motocin da kake gani a hoto an rage musu tsayi, an lanƙwashe leɓen fendarsu ta ciki, wasu ma an karkatar da kan tayar ya koma ciki domin ya samu wurin ɓuya. Hoto ba ya nuna maka wannan, kamar yadda ba ya nuna maka irin santsin titin da suke hawa. A Jamus kuwa ba ka ɗaura wa mota wili don kawai ya burge ka, sai yana da takardar da ta yarda da shi a kan irin motarka, in babu sai masu duba lafiyar mota irin su TÜV sun gani sun sa hannu, kuma dole fenda ta rufe tayar. A nan da wuya ka samu wanda zai tsaya ya duba maka wannan, saboda haka nauyin duka ya dawo wuyanka, kai ne mai saye kuma kai ne mai binciken.

Akwai abubuwan da ba a ciniki a kansu, da su za ka fara. Na farko ramukan noti, abin da ake rubutawa PCD. Taka Camry ce ta 2007 zuwa 2011, wadda ƴan kasuwa ke kira Muscle, kuma awonta 5x114.3 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Honda Accord ma haka take, amma Mercedes 5x112 ce, Corolla ƴar Amurka ta 2003 zuwa 2008 kuma 5x100. Ka lura da kusancin 114.3 da 112, domin a nan tarkon yake: za a iya tursasa wilin ya shiga, a ɗaure noti har ka ga kamar ya zauna, alhali kowace ƙusa a karkace take ɗaukar nauyi, kuma ƙarfen da ke aiki a karkace ranar karyewarsa kawai yake jira. Na biyu ramin tsakiya, wanda wili ke zama da shi a kan hob. Na motarka milimita 60.1 ne, na Accord 64.1, na Mercedes 66.6. In ramin ya yi ƙanƙanta wilin ba zai shiga ba, in ya yi girma sai ka nemi zoben da ke cike tazarar, in ba haka ba kana iya jin sitiyari yana rawa a hannunka da zarar ka ɗau gudu, ka yi ta kai wa masu balansin ba tare da an gano ciwon ba. Na uku notin kansa. Notin da Toyota ke sa wa wilinta na aloy mai shimfiɗaɗɗen gindi ne da washa, yawancin wilin kasuwa kuwa mai tsinin gindi suke so. Kada ka ce noti noti ne, ɗana, domin gindinsa ne ke riƙe da ƙafar motarka.

Sai mu zo kan abin da ya kawo ka, wato faɗin wili da zurfin zamansa. Juya wili ka duba bayansa, za ka ga an buga rubutu a jikin ƙarfen, kamar 16x6.5J ET45, wanda shi ne abin da motarka ta zo da shi. Lambar farko inci 16 ne na tsayin wili, 6.5 incin faɗinsa, ET kuwa gajarta ce ta wata kalmar Jamusanci, ita ake kira ofset, kuma tana faɗa maka tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne da hob, a milimita. In lambar ET ta yi sama wili yana shigewa ciki, in ta yi ƙasa yana fitowa waje. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma duk faɗin da ka ƙara rabuwa yake yi biyu, rabi waje rabi ciki. A ce ka ga wili 18x8J ET35 ya kwanta maka a rai. Ka ƙara inci ɗaya da rabi, wato kusan milimita 38, rabinsa 19. ET ya sauka da 10. Saboda haka leɓen wilin zai fito waje da milimita 29, ta ciki kuma zai matsa kusa da shokazoba da milimita 9. In da wannan wilin ET40 ne, da waje 24 zai fito, ciki kuma 14. Ka ga milimita biyar kacal, abin da bai kai kaurin fensir ba, shi ne tsakanin motar da ta zauna tsaf da wadda za ta riƙa cin tayarta.

To, ta yaya za ka san wurin da kake da shi? Ba da ido ba, kuma ba da bakin mai sayarwa ba. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, sitiyari a miƙe, iskar taya daidai. Ka samu zare ka ɗaura masa tsohon noti a ƙarshe, ka liƙa ɗaya bakin a leɓen fenda daidai saman tsakiyar taya, ka bar notin ya yi lilo har ya gaji ya tsaya cak. Sannan ka durƙusa da rula, ka auna daga zaren zuwa leɓen wili, ka rubuta a takarda. Ka yi haka a duk ƙafa huɗu, domin gaba da baya ba lallai su zo ɗaya ba, kuma motar da ta taɓa shan duka takan bambanta hagu da dama. A ce ka samu milimita 28. To ka ga wilin ET35 ya riga ya wuce gona da iri, na ET40 kuma ya bar maka huɗu, waɗanda kumburin gefen taya zai kusan cinyewa. Daga nan ka ɗaga motar, ka zura hannu bayan taya ka ji tazarar da ke tsakaninta da shokazoba, ka kuma duba ko hannayen sabon wilin za su wuce kan birki ba tare da gogayya ba. Aikin rabin awa ne, amma shi ne rabin awar da samari suka fi ƙyashin bayarwa.

Taya kuwa ita ma da nata karatun. Taka 215/60R16 ce: faɗi milimita 215, tsayin gefe kashi 60 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 129, duka tsayin ƙafar kuma kusan milimita 664. Ƙa'idar ita ce in wili ya ƙara girma gefen taya ya ragu, domin tsayin ƙafar ya tsaya kusa da na asali, kuma masu sana'ar ba sa son bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari, saboda maleji da birkin ABS da giya duk da wancan tsayin aka lissafa su. Tayar 235/45R18 tana ba ka kusan 669, bambancin bai kai kashi ɗaya ba, gefenta kuma milimita 106. Amma in ka haura inci 20 da 245/35R20, gefen ya koma 86. Wannan gefen da kake ragewa, ɗana, shi ne katifar da ke tsakanin wilinka da bakin rami. Ka san titunanmu bayan damina, ka san yadda rami ke ɓuya a ƙarƙashin ruwa. Mai inci 16 zai faɗa ya fito da salati kawai, mai inci 20 zai fito da lanƙwasasshen wili da ƙulli a gefen taya. Shi ya sa in ka tambaye ni, 17 ya ishe ka, 18 kuma ita ce iyaka.

Ba da ka nake faɗa maka wannan ba. Shekarun baya wani yaro da ya koyi aiki a hannuna ya kawo mini wili huɗu masu ƙyalli, ya ce mai shago ya rantse masa za su zauna. Na ɗaura masa su ban auna ba, domin yamma ta yi kuma yana sauri. A gareji ba abin da ya taɓa, kowa ya taru yana yabo. Kwana uku bayan haka ya ɗauko ƴan biki, mutum uku a baya da kaya cike da but, kuma duk tudun da suka hau sai su ji wani ƙara, ƙuuu, daga baya. Bai tsaya ba. Da ya iso wurina na haska tocila, sai na ga leɓen fenda ya yanka gefen tayar zagaye guda kamar an bi da reza, ɓarɓashin roba ya taru baƙi ƙirin a kan fentin, a wani wurin har zaren cikin taya ya fito fari. Na sa yatsa a cikin yankan, jikina ya yi sanyi, domin a cikin waɗanda ya ɗauko akwai mai goyo. Allah ya kiyaye, amma tun daga ranar ban ƙara ɗaura wa kowa wili ba sai na auna, ko da zai yi fushi ya tafi wani wuri. Motar da ke tsaye babu kowa a ciki ba ita ce motar da ke tafiya da lodi ba, domin in nauyi ya danne ta taya hawa take yi ta shige cikin fenda, saboda haka dole ka bar mata hanyar wucewa.

Za a ba ka dabaru, ka yi hattara da su. Wani zai ce a ja siririyar taya, kamar 215, a kan wili mai faɗin inci tara da rabi domin gefenta ya kwanta ya kauce wa fenda. Kowace taya tana da iyakar faɗin wilin da masu ƙera ta suka yarda da shi, in aka wuce bakinta ba ya kama wili yadda ya kamata, kuma rami ɗaya ko kwana mai zafi na iya zare ta. Wani zai ce a sa sifesa a turo wilin waje. In siririya ce mai zurawa, tana cinye zaren ƙusar da noti zai kama. In kuwa ba makawa, to a samu mai zama daram a kan hob, da ƙusoshi masu isasshen tsayi. Ka kuma sani duk lokacin da ka tura wili waje sosai ka ƙara wa boris wahala, sitiyari kuma zai fara bin kowace tsagar titi. Abin da aka yi don ido, ƙarfe ne ke biyan kuɗinsa a ɓoye.

Idan ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka, ka tafi da takardarka da rularka, ka yi sallama, ka yi tambaya cikin ladabi, kuma ka nemi a gwada wili ɗaya a motar kafin kuɗi su bar aljihunka. Ka sa a juya shi a kan injin balansin ka ga ko yana layi, ka duba cikinsa ko an taɓa yi masa walda. A jikin taya ka nemi lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT, domin su ne ranar haihuwarta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tsohuwar taya ko zanenta na da kyau robarta ta bushe, kuma zafin kwaltarmu ba ya tausayin busasshiyar roba. Ka duba lambar nauyi, 94 na nufin kilo 670 a kan kowace taya, kada ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Araha ba ta ado, ɗana, balle a abin da ke ɗauke da rai.

Bayan an ɗaura, a ja noti ɗaya a tsallake ɗaya har a zagaye, da ma'aunin ɗauri ba da tsalle a kan sifana ba, na motarka 103 Nm ne, sannan ka dawo a sake dubawa bayan ka yi kamar kilomita 100. Ka murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka kira ƴan'uwanka uku su zauna a baya, ka hau tudun rage gudu a hankali da gilashi a sauke, ka kasa kunne. In ka ji shiru, to ka gode wa Allah ka kai ta a yi mata alaimen. In ka ji ƙara ko kaɗan, kada ka ce zai daina, ka koma baya ka gyara, domin komawa baya a gareji ya fi tsayawa a daji da dare.

Na san duk wannan ya yi maka yawa a kan abin da ka ɗauka sayen yamma ɗaya ne. Amma wannan motar da ita kake kai mahaifiyarka asibiti, da ita kake ɗauko ƙannenka daga makaranta, kuma wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannunka ba. Mutumin da ya saba durƙusawa ya auna kafin ya yanke hukunci a kan wili, haka zai yi a ciniki da aure da magana. Gobe in Allah ya kai mu, ka zo da motar bayan sallar La'asar, ina da zare da tsohon noti a cikin akwatin kayan aikina, mu durƙusa tare mu ga nawa fendarka za ta ba mu. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a abin hawanka.