Tsarin Gina Manhaja Bisa Hidimomi da Salon Aiki Mai Zafin Nama: Darasi ga Masu Ayyukan Hausa a Kwamfuta

Tsakure

Wannan muƙala ta yi nazarin hanyoyi biyu da suka sauya sana'ar gina manhaja, wato rarraba manhaja zuwa hidimomi da kuma gudanar da aiki zango-zango. An bibiyi asalinsu, an kawo misalai biyu daga Amurka, sannan aka auna su da buƙatun masu gina ƙamus da rumbun matanin Hausa. Muƙalar ta gano cewa hanyoyin biyu suna tallafar juna, amma ƙaramin aiki ya fi buƙatar salon aikin kafin rarrabawar.

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na 1968, ƙungiyar NATO ta tara masana a garin Garmisch na Jamus domin duba dalilin da ya sa manyan ayyukan manhaja ke wuce lokaci da kuɗin da aka ɗiba masu. Hanyar da aka fi bi a wancan zamani da bayansa ita ce a tattara buƙatu duka, a zana tsari duka, a rubuta, sannan a gwada a ƙarshe. Ita ce aka laƙaba wa salon gangarar ruwa, domin ruwa idan ya gangara ba ya komawa. Winston Royce, wanda ya zayyana matakanta a 1970, shi da kansa ya yi gargaɗin cewa barin gwaji sai ƙarshe kasada ce. Manazarcin Hausa da zai sa a gina masa ƙamus na waya ko rumbun waƙoƙi zai ci karo da wannan matsala, ko da bai san sunanta ba.

2.0 Tsarin Hidimomi

Hidima a nan na nufin wani yanki na manhaja mai aiki guda sananne, wanda ke zaune da kansa, sauran sassa kuma ba su isa gare shi sai ta hanyar aika saƙo. Tsakaninsa da masu kiransa akwai yarjejeniya: ga abin da za a aiko, ga abin da za a mayar. Yadda yake aiki a ciki ba ruwan kowa. Tushen wannan tunani yana cikin takardar David Parnas ta 1972, inda ya nuna cewa ya kamata kowane sashe ya ɓoye shawarar da ake jin za ta iya sauyawa nan gaba.

Kishiyar wannan tsari ita ce manhajar dunƙule, wadda komai nata ke cuɗe wuri guda da rumbun bayanai ɗaya. A irinta, gyara kaɗan a wani lungu kan tilasta a sake gwada duka a kuma sake ɗora duka. A tsarin hidimomi kuwa, muddin yarjejeniya ba ta sauya ba, ana iya rushe hidima a sake gina ta da wani harshen kwamfuta dabam ba tare da maƙwabtanta sun sani ba. A farkon shekarun 2000 an fi aika saƙonnin ta ƙa'idar SOAP, daga baya salon REST, wanda Roy Fielding ya bayyana a kundin digirinsa na uku a shekarar 2000, ya fi karɓuwa saboda sauƙinsa.

3.0 Salon Aiki Mai Zafin Nama

A watan Fabrairu na 2001, mutum 17 daga masu sana'ar suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah, suka fitar da sanarwa mai ƙunshe da ginshiƙai 4 da ƙa'idoji 12. Sun fifita mutane da cuɗanyarsu a kan kayan aiki, da manhaja mai aiki a kan tulin takardu, da haɗa kai da mai aiki a kan ja-in-jar kwangila, da karɓar sauyi a kan manne wa tsohon shiri.

Fitaccen reshen wannan salo shi ne Sikiram, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995. Ana jera buƙatu bisa muhimmanci, ƙaramin rukuni ya ɗebi na sama, ya kammala su cikin zangon da bai wuce wata guda ba. Kullum akwai ganawar minti 15. A ƙarshen zango sai a nuna wa mai aiki abin da ke aiki a zahiri, ya yi gyara. Hikimar ita ce kuskuren fahimta ya fito bayan mako biyu, lokacin da gyaransa ke da arha.

4.0 Inda Hanyoyin Biyu Suka Haɗu

Melvin Conway ya lura a 1968 cewa tsarin da ƙungiya ta gina yakan ɗauki kamannin yadda mutanenta ke sadarwa. Saboda haka, rukuni goma da ke aiki a kan manhajar dunƙule guda dole su riƙa jiran juna, komai zafin namansu. Idan kowane rukuni yana da hidimarsa, sai ya fitar da gyara ranar da ya shirya. Wannan hanya kamfanin Amazon ya bi a farkon shekarun 2000, inda ya farfasa manhajarsa zuwa hidimomi, kowace a hannun ƙaramin rukuni mai gina ta da kula da ita. A 2006 kamfanin ya fara sayar wa jama'a hidimomin ajiya da na sarrafa bayanai, wato S3 da EC2.

Misali na biyu ya shafi salon aiki. Hukumar FBI ta yi watsi da manhajar adana bayanan bincike da ta sa a gina mata a 2005, bayan an kashe kimanin dala miliyan 170. Magajiyarta mai suna Sentinel ita ma ta fara cijewa, sai a 2010 hukumar ta karɓe aikin, ta rage yawan ma'aikata, ta koma aiki zango-zango. An fara amfani da ita a 2012.

5.0 Darasi ga Ayyukan Hausa

Duk manhajar Hausa tana fuskantar matsalar rubutu. Masu amfani da waya da yawa ba su sa lanƙwasa a ɓ da ɗ da ƙ, don haka mai neman ƙasa zai rubuta kasa. Nijeriya na rubuta 'ya'ya, Nijar na rubuta ƴaƴa. Ƙa'idar rubutun yau da kullum ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa gari na mazauna da gari na tuwo suke da siffa ɗaya. Ga kuma Ajami. Idan kowane ɗalibi ya warware waɗannan a cikin tasa manhajar, an yi aiki ɗaya sau da yawa, kuma maganin kan mutu da kammala kundi. Da za a ware daidaita rubutu a matsayin hidima mai bayyananniyar yarjejeniya, da ƙamus da rumbun matani da manhajar koyarwa duk sun ɗebi ruwa a rijiya ɗaya.

Haka kuma, aikin zango-zango ya dace da ƙamus. Maimakon a jira shigar da dukkan kalmomin Bargery na 1934 ko na Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ana iya fara da baƙi ɗaya, a ba malamai su gwada. A nan ne za a gano, misali, cewa mai neman gidaje yana son a kai shi ga gida, tun kafin a gina sauran a kan kuskure.

Sai dai tsarin hidimomi yana da tsada. Kowane kira yana bi ta hanyar sadarwa, wadda kan yi jinkiri ko ta yanke, kuma kowace hidima tana buƙatar mai kula da ita da kuɗin ajiya. Aikin mutum biyu da aka farfasa gida goma ya zama ɗaukar Dala ba gammo. Abin da ya fi shi ne a gina manhaja guda mai sassa masu iyaka bayyananniya, bisa shawarar Parnas, a ware sashe ya zama hidima sai ranar da wani aikin ya buƙace shi. Shi ma salon zango-zango yana da sharaɗi: dole masanin harshe ya zauna da masu ginin a ƙarshen kowane zango. Idan ya miƙa takarda ya tafi, an koma gangarar ruwa da sabon suna.

6.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa tsarin hidimomi yana rage dogaron sassa a kan juna, salon zafin nama kuma yana rage tazarar da ke tsakanin kuskure da gano shi. Ana ba sassan nazarin Hausa shawarar su fara da salon aikin, domin ba ya buƙatar sayen komai, sannan su haɗa kai da sassan kimiyyar kwamfuta wajen samar da hidimar daidaita rubutu guda ɗaya da kowa zai iya kira.