Tafinta Cikin Kwamfuta

A shekarar 1983 wani kamfani na ƙasar Japan, mai suna Nintendo, ya fito da ɗan akwatin wasa da ake haɗawa da talabijin, ana ce masa Famicom. A cikinsa ne aka fara buga wasan Super Mario Bros. a 1985.

To, amma inji ba ya dawwama. Ƙurar hunturu ta shige shi, zafin bazara ya gasa shi, wata rana sai ya ƙi tashi. Nintendo kuwa ya daina ƙera Famicom a 2003, ya daina gyaransa a 2007. Yaron Katuru da ya gaji kaset ɗin wasa wurin yayansa, ina zai sa shi?

Masana suka nemi dabara. Kowane akwati da irin harshensa, kwamfutar gida kuwa ba ta jin ko ɗaya. Sai suka rubuta wata manhaja, ana kiranta emuleta, aikinta tafinta. Kamar dai Buzu ne ya kawo raƙumi kasuwar Shinkafi, bai iya Hausa ba, aka sami mai juya magana tsakaninsa da mai saye. Haka manhajar ke karɓar umarnin wasan, ɗaya bayan ɗaya, tana juya wa kwamfuta.

Da farko sai an kwafe abin da ke cikin kaset ɗin da wata ƴar na'ura. Ba wani kaya ba ne mai yawa: Mario ɗungurungum kilobait 40 ne, bai kai hoto guda na waya ba. Juyin maganar shi ne aikin wuya, don haka tilas kwamfuta ta fi tsohon akwatin ƙarfi nesa ba kusa ba.