Yadda Ake Hisabin Illar Kaya ga Muhalli, Daga Gona Har Juji

Ka sani, ya mai karatu, babu abin da ɗan Adam ke ƙerawa, komai ƙanƙantarsa, face ya ci wani rabo daga albarkar ƙasa, ya kuma bar mata wata illa a ruwa ko iska ko turɓaya. Saboda haka masana suka tsara hisabin da ke bin kaya tun daga gona ko mahaƙar da aka samo asalinsu har ranar da aka yar da su. Ana danganta farkon wannan ilimi ga binciken da kamfanin Coca-Cola ya sa aka yi masa a Amurka cikin 1969 domin gwama kwalba da sauran mazuban lemo, daga bisani hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta tattara sharuɗɗansa cikin ƙa'idoji biyu, 14040 da 14044, bugun 2006, inda aka kasa aikin kashi huɗu.

Da fari, ana ƙulla niyya a yanka haddi. Mai hisabi zai bayyana dalilin aikinsa da waɗanda yake yi dominsu, sa'an nan ya tsayar da mizani, wanda sharaɗinsa shi ne a auna amfanin da kaya ke yi. Domin ba adalci ba ne a gwama kwalbar da ake wankewa a sake cikawa da robar da ake sha a jefar, sai dai a tambayi abin da kowacce ke ci kafin ta isar da lita dubu ga masu sha. Haka kuma zai faɗi inda lissafinsa ya tsaya, ko a ƙofar masana'anta, ko kuwa har juji.

Na biyu shi ne ƙididdiga, a nan kuwa wahalar aikin take. Mu ɗauki wandon auduga. Za a rubuta ruwan da gona ta sha, da taki, da maganin ƙwari, da man tarakta; a bi audugar zuwa gurza, da kaɗi, da rini, da saƙa, da ɗinki, ana ƙirga lantarki da sinadarai da dattin ruwan da aka kwarara; a bi wandon cikin jirgin ruwa zuwa kanti, daga nan zuwa gidan mai shi, inda sabulu da wanki da guga za su shiga lissafi. Abin da aka iya samu daga littattafan masana'antu shi ne mafi ƙarfin hujja, inda kuwa ya faskara sai a koma ga taskokin bayanai, irin su ecoinvent ta ƙasar Suwizalan. Akwai wata mas'ala mai sarƙaƙiya: gona guda ta ba da auduga ta ba da angurya, wadda ake matse mai daga cikinta a ciyar da shanu da saura, to wa zai ɗauki nauyin takin da aka zuba? Sai a raba tsakaninsu tamkar yadda malamin fara'ili ke raba gado, ko bisa nauyi ko bisa farashi, kuma wajibi ne a ambaci wanda aka bi, tun da yake natija na sauyawa da sauyawarsa.

Na uku, ana mayar da ƙididdiga zuwa illa, a sanya kowane abu a babinsa: ɗumamar duniya, gurɓatar koguna, ƙarancin ruwa, da makamantansu, har Tarayyar Turai ta ƙayyade babi 16. A babin ɗumama ana kiyasta kowace iska da iskar kabon, ta yadda kilo guda na iskar mitan, bisa rahoton kwamitin masana sauyin yanayi, IPCC, na 2013, ke daidai da kilo 28 na iskar kabon cikin shekara 100, iskar da ke tashi daga takin zamani kuwa kilo 265. Ruwa ma ba hukuncinsa ɗaya ba, domin audugar Funtuwa da damina ke shayarwa ba ta yi daidai da ta Uzbekistan ba, inda jan koguna zuwa gonaki ya ƙafar da mafi yawan tekun Aral.

Na huɗu shi ne fassara da tahakiki, a gano inda illa ta fi taruwa. Kamfanin Levi's ya bayyana cikin 2015 cewa wandonsa samfurin 501 na cin ruwa lita 3,781 a rayuwarsa, kashi 68 cikin ɗari a noman auduga, yana kuma jawo kilo 33.4 na iskar kabon, wadda fiye da sulusinta daga wanki da busarwar mai wandon take fitowa. Sa'an nan a canza zato ɗaya-ɗaya a ga ko hukunci zai tsaya, a kuma lura kada maganin wata illa ya haifi wata. Idan za a shelanta cewa kayan wane sun fi na wane, ƙa'ida ta shar'anta a miƙa aikin ga kwamitin masu dubawa waɗanda ba su da hannu a cikinsa.

Hisabin ma'aikata baki ɗaya haka yake, illa dai ƙa'idar GHG Protocol, wadda ta fito cikin 2001, ta kasa hayaƙinta uku: wanda ta fitar da kanta, da na lantarkin da ta saya, da na masu kawo mata kaya da masu amfani da nata, na ukun nan shi ya fi wuyar ƙirga, galibi kuma shi ya fi yawa. Saboda haka duk wanda aka ce masa kaya kaza ba su cutar da muhalli, haƙƙinsa ne ya tambayi mizanin da aka auna da shi, da inda aka yanka haddi, da wanda ya duba lissafin, kafin ya gaskata.